Fulbert da Motar da ke Durƙusawa a Hanyar Ngong

Na daɗe ina sayar da shinkafa da wake a bakin garejin Fulbert da ke unguwar Roumdé Adjia a Garoua, don haka in na ce na san mutumin nan, ba ji na yi a bakin wani ba. Ɗan Kaélé ne, iyayensa manoman auduga. Yana saurayi ya shigo Garoua, ya samu aiki a sashen wuta na wata masana'anta. Da tattalin arzikin ƙasa ya karye aka fara sallamar ma'aikata, yana cikin waɗanda abin ya fara ci. Abokansa suka tattara suka koma ƙauye, shi kuwa ya ce kunya ba za ta bar shi ya koma wa tsohonsa hannu rabbana ba. Ya kafa rumfar kwano a gindin darbejiya, ya fara gyaran wutar mota da filaya da ƙwan fitilar gwaji.

Hausarsa ta kasuwa ce, har yau in yana sauri sai ya ce mini "kai Hindu" maimakon "ke", ni kuma na gaji da gyara masa. Amma abin da ya fi ba ni haushi a halinsa shi ne nawa wajen aiki. Wani makaniken kafin ka rufe baki ya ce a sayo sabon kaza. Fulbert ba ya canza ko fis sai ya ga ciwon da idonsa. Sai mutum ya wuni yana shafa waya ɗaya, abincinsa na hucewa a kan bencina. Na sha gaya masa da ni ce matarsa Lucienne da tuni na yi yaji, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa Allah bai haɗa mu ba.

Motar da zan ba ku labarinta ta Hajiya Kaltumi ce, babbar 'yar kasuwar atamfa, jikar Kanawan da suka kafa fatauci a garin nan. Tsohuwar jif ce ta shiga daji, mahaifinta ya sayo ta hannu a Douala kafin ya rasu. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci. A kan jakunkunan roba huɗu take tsaye, kwampireso na hura musu iska, wani ɗan akwatin lantarki kuma na lura da tsayinta. Lafiya lau take a cikin gari. Amma da an ɗauki hanyar Ngong, garin da Hajiya ke kai kaya ranar kasuwa, sai a tsakiyar tafiya ta yi ƙara, fitilu su kama a gaban direba, ta sauke gindi ƙasa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Daga nan sai jan ciki har gida.

Direbanta Baba Bilya ne, wanda ya tuƙa mahaifinta tun Hajiya na goye. Dattijo ne mai furfura, ga iyali, ga jikoki marayu a gidansa. 'Yan'uwan Hajiya suka tasa ta gaba cewa tsufa ne ya kama shi, shi ke jefa motar a ramuka, a nemo yaro mai ido. Hajiya ba ta da wasa a harkar kasuwa. A gabana ta faɗa masa cewa in motar ta sake kunyata ta a hanya, ya ajiye makulli. Ranar na zuba masa abinci ya kasa ci, ni ma sai da zuciyata ta karye, don na san a shekarunsa ba wanda zai sake ba shi sitiyari.

Fulbert ya duƙufa. Ya kaɗa sabulu a roba, ya shafe jakunkunan da bututun iska da kumfa, ko zai ga inda ke huci. Babu. Ya saurari kwampireso, yana aiki ras. Ya bi 'yan sandunan da ke auna tsayi a gefen kowace taya, ya goge su, ya gwada wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya cire kan batir ya mayar, motar ta miƙe tsaye kamar ba ita ba. Baba Bilya ya tafi da ita yana murna, kasuwar Ngong na zagayowa aka dawo da ita tana jan ciki. Haka aka yi ta yi. Maƙwabtansa makanikai suka ce ya cire jakunkunan nan ya ɗaura mata sifirin kowa ya huta.

"In na cire, ban san abin da ya same ta ba," in ji Fulbert. "Kuma Hajiya za ta ce tsoho ne ya fasa su."

Sai ya yanke shawarar da ban taɓa ganin makanike ya yi ba. Ya rufe rumfarsa ranar kasuwa, ya ce zai bi motar, tunda a gareji ba ta faɗin gaskiya. Ni kuma da ma ina son sayo gyaɗa a Ngong, na ce ga banza ta faɗi, na roƙi Hajiya ta rage mini hanya.

Muka tashi da hantsi. Hajiya na gaba, ni da Fulbert muna baya, ya miƙa wuya yana sauraron mota, ko hira ba ya amsawa. Muka wuce gadar Binuwai, muka sha ramuka iya sha, motar ko gezau. Har muka isa Ngong ba abin da ya faru. Hajiya ta raba atamfofinta ga masu shaguna, na sayi gyaɗata, Fulbert na zaune a inuwa fuskarsa duk ta yamutse. Na tsokane shi na ce yau dai ya yi asarar wuni, motar ta gane shi.

Da azahar ta yi muka yi salla a bakin wani masallaci, Fulbert na jiranmu a jikin mota. Baba Bilya ya idar, ya je famfo ya cika butarsa ta roba fal saboda la'asar, ya buɗe ƙofa ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa. Abu ne da na gani da idona ban ɗauke shi komai ba, don wane direba ne ba ya tafiya da buta? Na dai lura Fulbert ya bi hannun tsohon da kallo.

Ba mu yi nisa da barin gari ba muka faɗa wani wawan rami, muka fita, muka faɗa wani. Can sai ƙarar nan, fitilu suka kama, motar ta fara sauka a hankali har muka ji gindinta na dukan ƙarfe. Baba Bilya ya gangara gefen titi. Ya zare makulli, ya riƙe shi a cinya.

"To, Baba," in ji Hajiya, ba ta ko dube shi ba. "Ka ji abin da na ce."

"Hajiya, dakata kaɗan," in ji Fulbert.

Ya fita ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa a ƙasa, ya jawo butar. Ruwanta ya ragu sosai. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujera, tana ɗiga. A nan ƙarƙashin kujerar akwatin lantarkin yake, mahaɗar wayoyinsa ta jiƙe sharkaf, ƙarafunan ciki sun yi kore. Ya nuna mana da yatsa. Butar ba ta da murfi, duk ramin da aka faɗa sai ta yi amai a kan wayoyin, akwatin ya rikice ya saki iska. Kafin a kai gareji washegari zafin Garoua ya busar da komai. Butar kuwa bai taɓa ganinta a gareji ba, don duk ranar da aka kawo gyara Baba Bilya na fita da abarsa ya tafi masallaci.

Na ji daɗi, amma na ɗan lokaci ne. An gano ciwon, amma butar ta tsohon ce, hannunsa ne ya sa ta.

"Wato ruwan alwala ne," in ji Hajiya. "Laifin wa ke nan, Fulbert?"

"Ni waya na sani, Hajiya. Na ga ruwa, na ga buta. Ban san yadda aka yi ta zo nan ba."

Baba Bilya ya miƙa mata makullin da hannu biyu. "Ni na sa ta, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki."

Hajiya ta ƙura wa butar ido. Motocin auduga na wucewa suna kaɗa mana iska. Ni dai na ƙudura a raina in ta karɓi makullin nan, to da ƙafa zan ƙarasa Garoua da buhun gyaɗata.

"A baya kake ajiye ta tun zamanin Alhaji mahaifina," ta ce a hankali. "Ni na ce ka ɗauke ta daga can, ranar da ta jiƙa mini turmin atamfa. Ni na nuna maka ƙarƙashin kujera. Ka tuna sarai, Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A gaban mutane, uwar ɗakina?"

Wallahi sai da na juya baya na share ido da gefen mayafi. Fulbert kuwa kamar ba da shi ake ba, ya riga ya zare mahaɗar yana goge ta da tsumma da ɗan fetur, yana hura mata iska da baki. Ya bar ta ta sha rana, ya naɗe ta da robar tayar keke, ya cire kan batir ya mayar. Sannan ya ce a tayar.

Hajiya ta tura hannun tsohon da makullin zuwa gare shi. "Tayar mana, Baba. Ka yafe mini."

Ya murɗa. Kwampireso ya ɗauki gurnani, motar ta fara ɗagowa da mu, baya tukuna sannan gaba. Baba Bilya ya zauna yana kallon titi, hawaye na bin furfurar gemunsa. Hajiya ta sunkuya ta ɗauki butar, ta riƙe ta a cinyarta a kan leshinta mai tsada, ta ce ya ja mu tafi kada la'asar ta same mu a hanya.