Lomata Bayan ta Kawu

Reshen ɗorawa ya karye da ni, na faɗo da amya a hannu. Ƙiba ce ta jawo. Wannan faɗuwa da shekarar da ta biyo bayanta ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina.

Zamanin Turawa ne. An ɗebe mu daga Kazage zuwa aikin tilas na haƙar kuza. Wasu ba su dawo ba. Ni na dawo, amma daga nesa ana ganin haƙarƙarina. A can na koyi mugun ci: ka juya baya, ka cusa, kafin a busa usur ko wani ya kai hannu. Na koma sana'ar ubana, ɗora amya a daji don ƙudan zuma. Allah ya sa albarka, kanti kuma na sayen kakin zuma. Abinci ya wadata, amma ban daina ci irin na can ba. Malmala huɗu, fura da zuma, in bi da saƙar zuma. Cikin 'yan shekaru wuyana ya ɓace.

Ranar da na faɗo ban karye ba, a kan ciyawa na sauka. Abin da ya dame ni daban ne. A wajenmu, bishiyar da ta shekara babu amya ta zama ta kowa. Bishiyoyin nan ubana ya bar mini. In ɗorawa ta sake fure ban hau ba, sun tafi ke nan.

Sai na yi wauta, na daina ci. Kwana uku daga ruwa sai tsamiya. Rana ta huɗu jiri ya kayar da ni a ƙofar masallaci. Ina farfaɗowa na cinye tuwon mutum uku.

Yayata ce ke mini girki tun rasuwar matata. Ta tsaya a kaina ta ce, "Auta, ba cikinka ke jin yunwa ba, hannunka ne. Daga yau akushinka ɗaya da Kawu. Kada ka kai loma sai ya haɗiye tasa. In ya janye hannu, kai ma ka janye."

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne. Haƙori biyu suka rage masa, su ma ba sa haɗuwa. Zai yanki loma kamar ƙwan kurciya, ya juya ta a miya, sai ya tuna da wani labarin farauta. Ni kuwa hannuna na bakin akushi, ina jira.

Na ce, "Kawu, don Allah haɗiye."

Ya ce, "Tuwon ƙafa gare shi? Ko Bature ya busa usur ne ban ji ba? Zauna, toron giwa, ban kai inda ɓaunar ta juyo ba."

Makon farko kamar in yi kuka. Daga baya na ga wani abu. Kafin Kawu ya gama labari cikina ya cika, ga tuwo ya rage. Ashe da can ba na jiran cikin ya yi magana. A lokacin ne ma na san ɗanɗanon daddawar Yaya, shekara da shekaru ina haɗiye ta ban sani ba.

Yaya ba ta hana ni komai ba. Ta dai rage malmala a hankali, ta ƙara kwaɗon rama da zogale da gauta. Fura ta koma ba zuma, sai ranar Juma'a. Kullum da safe nakan taka zuwa daji in duba bishiyoyi, in dawo. Sau ɗaya na je suna a Tabanni, na ga nama, na koma halina na da. Na dawo ina sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Ka ci, ya wuce. Gobe Kawu na jiranka."

Damina ta wuce, kaka ta zo. Ban ga ranar da na rage ba, mazagin wandona dai ke ta ƙara tsawo. Kawu kuwa ya yi kumatu, don tun da ya sami abokin hira ya daina barin abinci.

Da ɗorawa ta fara fure na ɗauki igiya da sabuwar amya. Kawu ya ce sai an ɗora shi a jaki ya gani da idonsa. Yaya ta biyo mu. Masu zuma biyu suna tsaye a gefe, na san abin da suke jira.

Kawu ya ce, "Ku matsa baya, jama'a, kada ya faɗo a kan jakina!"

Na yi bisimilla na kama. Reshe ya lanƙwasa kaɗan, ya tsaya. Na ja amya, na ɗaure ta tam. Yaya ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Ina can sama ina dariya, na kasa dainawa. Kafin sati ya zagayo duk bishiyoyin ubana sun sami amya.

Abin da na koya kaɗan ne. Nauyin da ya hau ka a shekaru ba ya sauka a kwana uku. Ka ci, amma ka jira cikinka.

Har yanzu ina Kazage. Gwiwa ta daina hawa, 'ya'yan Yaya ke hawa. Bishiyoyin suna hannunmu.