Babban Yatsan Yaya

Shekara ashirin da shida Yayana ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini, yana zaune cikin wani ɗan akwatin gilashi can sama, ƙugiya na lilo a ƙasansa. Abokan aikinsa Mai Ƙugiya suke kiransa. Yakan ce zai iya sauke tan biyar na siminti a gefen ƙwai, ƙwan bai ji labari ba. Ni kuwa da nake gyaran fanka, ko kusoshi biyu na ɗauka sai ɗaya ta faɗi.

Watanni huɗu da suka wuce na ga yana zuba ruwa a gefen kofi. Na tsare shi a bayan gida, ya gaya min idonsa na hagu ya yi yana, sai farin hazo kawai. Ya rantsar da ni in yi shiru har a gama benen da suke yi. Ni da bakina ba ya riƙe ko gishiri, na riƙe wannan. Amma kullum ina lissafin leburori goma sha biyu da ke kai da kawo a ƙarƙashin ƙugiyarsa.

Ranar Asabar bayan azahar babbar 'yarsa, mai koyon aikin malanta, ta tara mu a falo don ta gwada darasin da za ta koyar. Ta ce mu miƙe hannu, mu rufe agogon bango da babban yatsa, ido ɗaya a rufe, sannan mu sauya ido.

"Kai! Nawa ya gudu wajen taga," na ce.

"To, Baffa, haka ake auna nisan tauraro. A ɗauki hotonsa yau, a jira wata shida duniya ta kewaya ɗaya gefen rana, a sake ɗauka. Na kusa ya yi tsalle da yawa, na nesa kaɗan. Da waɗannan ake gwada hasken na can nesa, a ga saurin da tarin taurari ke nisantar juna, a lissafa baya. Sararin nan ya kusa shekara biliyan goma sha huɗu."

"Ashe sa'an uwarki ne."

Matar Yaya ta jefe ni da matashi. Ana cikin dariya Yaya ya shigo yana goge hannu.

"Baba, zo ka gwada. Rufe idon hagu, ka rufe agogo da yatsa."

Na yi wuf na ce, "Ke bar shi, ya gaji."

"Minti ɗaya ne."

Ya miƙe hannu, ya yi daidai.

"Yanzu buɗe na hagu, rufe na dama. Ina yatsan ya koma?"

Fankar da na gyara musu tana ta ƙara a sama. Yaya yana tsaye, hannu a miƙe, gumi na bin gefen kunnensa. Taga na dama, ƙofa na hagu. Na yi tari, na karkata kai wajen taga kamar mai ciwon wuya, na manta mutumin ba ya ganina.

"Wajen ƙofa," ya ce.

Yarinyar ta daɗe tana dubansa. Ta matso a hankali, ta ɗaga yatsu uku dab da fuskarsa.

"Kar ka buɗe na dama. Nawa ne nan?"

Ya kasa ƙirga su, ta sauke hannunta.

"Baba, ido ɗaya ba ya auna nisa daidai. Shi ya sa masu taurari suke jiran wata shida. Jibi me za ka ɗaga?"

"Dakalin siminti na hawa na bakwai."

"Su wa ke ƙasa?"

Ya sauke hannu. Matarsa ta juyo kaina. "Kai ka sani?"

Na gyaɗa mata kai.

Yaya ya ciro makullin injin daga aljihu, ya ajiye kan tebur kusa da littafin 'yarsa. Ya kira mai kula da aikin a gabanmu, ya ce a nemi wani ya hau ranar Litinin, ya kuma faɗi dalili bai rage komai ba.

Litinin ɗin ni na goya shi a babur zuwa asibitin ido. Tun daga gida yake gaya min na matse wa motar gaba da yawa.