Gilashin da Ya Kawo Yaya Tsakar Gida

Mun tashi da asuba daga gidanmu a Tsafe, ni da maiɗakina, amma ba mu bar tasha ba sai da gari ya waye sarai. Direbobin hanyar nan ba sa motsi da duhu, ba kuma mai ganin laifinsu. Ni dai zumuɗi ya hana ni zama. Gilashin da na sa a yi mini oda ya iso Gusau, irin wanda ke ɗora maka hoto a gaban ido alhali kana ganin duk abin da ke kewaye da kai. Mai araha na zaɓa, duk da haka ya lashe kuɗin buhun masara uku. Maiɗakina ta ce araha ba ta ado, na yi kamar ban ji ba.

Ba don kaina na saya ba. Yayanmu shekara bakwai ke nan yana aikin gini a Saudiyya. Duk sanda ya kira ta bidiyo, Inna takan karɓi wayar ta ce ba ta gani da kyau, ta miƙa wa na kusa. Yaya ya daina ƙorafi, amma na san abin yana cinsa. Ni kuma na yanke cewa ƙanƙantar fuskar waya ce matsalar.

Hanya ta yi mana kyau. An yanke gero, dammuna jibge a bakin gonaki, dawa ta sunkuyar da kai. A kowane shingen jami'an tsaro masu dafaffiyar gyaɗa sai sun zura mana faranti ta taga.

Mai shagon a Gusau Ibo ne haifaffen garin, Zamfarancinsa ya fi nawa nauna. Ya jona gilashin da wayata, na ɗora a hanci, sai ga hoto girman ƙofar zaure yana rataye a sama, ga kuma Keke Napep na wucewa ta bayansa. Ban san sanda na yi kabbara ba! Mutumin bai ɓoye mini aibunsa ba: a rana hoton dusashewa yake, yana zafi a gefen kunne, caji kuwa shan sa yake kamar raƙumi ya ga ruwa. Duka ukun na tabbatar kafin mu gama cin hoce a tasha.

Mota ta sauke mu a Bungudu, muka hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu Karakkai, kuɗin ya ninka na bara. Mun tarar da Inna a rumfa tana ɗinke zani, maƙwabta mata sun cika gidan ana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwa ban gama ba na ɗaga murya: "Inna, yau za ki ga Yaya ƙato, kamar ki taɓa shi!"

Masu ɓarar gyaɗa suka kalli juna. Inna ta aje ɗinkin, ta tashi ta ce za ta duba awaki.

Maiɗakina ta ja ni bayan rumbu. "Matar da ke zura zare a allura ita ce ba ta gani? Ɗan fari ne fa. Sunansa ma ba ta faɗa, shi ne kake son ta ƙura mai ido gaban jama'a?"

Kunya ta rufe ni. A gidan nan na tashi, ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, "wancan" take cewa. Amma zaman gari da tsumar sabon kaya suka mantar da ni, na kwashi buhu uku na sayo maganin ciwon da babu shi.

Bayan azahar mata suka watse, maiɗakina ta karɓi ragamar. Ta kira Yaya, ta kifa wayar a kan tabarma, ta kai wa Inna gilashin ta ce ta taimaka ta duba ko an cuce ni a kasuwa. Ba wanda ya ambaci abin da ke ciki. Na kama gyaran tayar wani tsohon keke, ita ta kama wanke-wanke.

Ta wutsiyar ido na riƙa satar kallo. Inna ta fuskanci rumbu, duk wanda ya shigo zai rantse kaji take kallo. Muryar Yaya a kunnenta kaɗai take sauka. Ba ta motsa ba har cajin ya ƙare. Da ta cire, ta goge ido da bakin zani ta ce zafin abin ne.

"Wanga abu shirme na, ba ya nuna komi," in ji ta. Can kuma ta ƙara, "Ku ce ma wancan shi rage shiga rana. Ya yi hurhura."

Da na miƙa hannu zan karɓa, sai ta tura shi ƙarƙashin ɗinkinta.

Mun iso Tsafe kafin magariba, ba gilashi, ba waya, don da ita kaɗai yake aiki. Da ta maiɗakina nake rubuta wannan. Masu tambaya ko na araha ya cancanci saye, in don kallon ƙwallo ne, ku riƙe masararku, zafi da shan caji za su ishe ku. Ni dai ban yi asara ba, ko da yake abin da na saya daban, abin da ya yi aiki daban: kallon da ba wanda ya san kana yi.

Yaya ya turo saƙo ta wayar maiɗakina. Ya ce saƙar tabarma kawai ya gani, amma ya ji numfashinta tun daga farko har ƙarshe. Ranar Juma'a zai sake kira, ya ce a kifa wayar kamar yadda aka yi.