Gwaggo Asabe, Wadda Ta Aiko Mini Da Farin Yadi Daga Makka

Ina lambun gidan Sistoci ina tsinkar tumatir aka ce shugabarmu tana kira. Mu da muke cikin horo ba ma riƙe waya, don haka da ta miƙo mini tata ba ta ko ce in zauna ba, na san ba lafiya ba. Muryar Maryam ce, 'yar Gwaggo Asabe, daga Makka, da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce, "Talatu, Ummi ta rasu. Kalas, shi ke nan, an yi mata salla a Harami, an kai ta." Kafin labarin ya iso gare ni har an rufe ta.

Gwaggo Asabe yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Asalinmu Maguzawa ne na ƙasar Malumfashi. Baba ya bi cocin Katolika, ita kuma aure ya kai ta Musulunci. Ta tafi aikin Hajji da mijinta tun kafin a haife ni, ya rasu a can, ta ƙi dawowa. Ta zauna a unguwar Mansur ba iƙama, wato takardar izinin zama, tana sayar da tuwo da dambu ga 'yan ƙasarmu. In ta fita ba ta da hanyar komawa, mu kuma Kirista ba mu da hanyar shiga. Ban taɓa riƙe hannunta ba. A waya na san ta, da ƙarar tukwane a bayanta, tana tambayar lafiyar kowa har da awakin gida.

Ita na fara gaya wa ina jin Allah yana kirana in zama Sista, don Baba ya fi ƙarfina. Baba ba ya fashin sujada, kuma duk ranar da Fada ya ce a roƙi Allah ya kira matasa ga aikinsa, amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi. Ashe 'ya'yan maƙwabta yake nufi. Ni kaɗai na rage masa cikin 'ya'yan da ya haifa, kuma yana son ya goya jika.

Na ɗauka Gwaggo za ta yi mini faɗa ko ta yi mini wa'azi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ya binti, kira ne ko gudu? Ina ganin mata suna zuwa nan su ce Allah suka biyo, alhali gida suka gudo wa. Ba a jimawa sai ki same su suna kuka a bakin tukunyata." Ta ce in zauna a gida har kaka ta wuce, in yi aikina na asibiti, in saurari duk mai sona da kunne biyu. In bayan haka abin bai sake ni ba, in sake kiranta. Na ji haushinta sosai a lokacin. Kaka ta wuce, abin bai sake ni ba.

Ana bukatar farin yadi ga mai shiga gidan Sistoci, Baba kuwa ya ce ba da hannunsa ba. Da alhazai suka dawo, sai ga ƙunshi daga Mansur: farin yadi, ya ɗan tamuke, alamar an jiƙa shi an shanya. Matan dangi Musulmi suna gani suka gane, domin haka ake jiƙa likkafani da ruwan zamzam a ajiye. Magana ta kai wa Baba. Ya kira ta a fusace, ya ce, "Yaya, gawa kika mayar mini da 'ya?" Ina tsaye ina ji ta ce, "Nawa ne, Dauda, na daɗe da tanadinsa. Shi ne abu mafi tsabta da na mallaka. Wanda ya mutu a Makka ba ya rasa abin rufa, amma yarinyar nan ba za ta shiga gidan ibada da kayan aro ba." Baba ya ajiye wayar, ya fita gona bai ci abinci ba.

Na shiga ba da albarkarsa ba, kuma abin ya ci ni. Idan na je hutu na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Da lokacin ɗaukar alkawarin farko na zama Sista ya matso, har na ɗaure kayana. Ranar Lahadin da ake ba mu waya na kira Gwaggo na ce zan koma gida. Ta ce, "Wa ya kore ki?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To wanda ya kira ki ya ce ya fasa?" Na ce a'a. Ta ce, "Kwance kayanki. Dauda ƙanina ne, ni na goya shi, ki bar mini shi." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Shugabarmu ta ba ni izini na je zaman makoki. Na tarar da Baba a zaure tsakanin 'yan coci da liman, ya rame. Da mutane suka ragu ya kira sunana, karo na farko tun tafiyata. Ya ce duk mako sai Yaya ta kira shi a kaina, yana kashe wayar, tana sake kira. Ya ce, "Ta zaɓi inda za ta bauta wa Allah, na yi fushi da ita ma, ga shi ta tafi ban ganta ba. Ba zan maimaita da ke ba. Yaushe ne ranar?" Na faɗa masa. Ya ce shi zai kai ni gaban bagadi da ƙafarsa.

Zan ɗauki alkawarin nan, kuma ba zan waiwaya ba.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ka jiƙan baiwarka Asabe, ka gafarta mata, ka ba ta hutu. Ka riƙe Maryam da 'ya'yanta a ƙasar da ba su da takarda, ka sanyaya zuciyar Baba. Gwaggo, an kwantar da ke a garin da ƙafata ba za ta taɓa takawa ba, amma muddin ina numfashi sunanki ba zai fita daga addu'ata ta safe ba. Amin.