Hutun Malam Sifo

Cikin shekarun da na yi ina aikin makaranta, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Litinin a watan Afrilun 1994. Lokacin ina mataimakin shugaban wata sakandare a Jega, ni ke kula da takardun malamai. Ina zaune sai ga Malam Sifo ya shigo riƙe da takarda.

Malam Sifo mutumin Afirka ta Kudu ne. Ya gudo daga mulkin wariyar launin fata tun muna ƙarƙashin Sakkwato, aka ɗauke shi kwantiragi yana koyar da lissafi. Ya iya Hausa, har cinikin albasa yake yi da mutanen Aliero. Shekararsa hamsin da biyu.

Ya ce, "Malam Umaru, hutu nake nema. Za a yi zaɓe a gida. Ban taɓa jefa ƙuri'a ba, uwata ma ba ta taɓa ba."

Ga waɗanda ba su san ƙa'ida ba, malamin kwantiragi ba ya barin ƙasa sai a babban hutu. In ya fita ba izini, aikinsa ya ƙare. Ga kuma jarrabawar 'yan ajin ƙarshe ta matso. Izinin ba a hannun makaranta yake ba, sai wani darakta a Birnin Kabi, shi kuma ba ya sa hannu sai da fayil. Fayil ɗin Malam Sifo kuwa bai iso daga Sakkwato ba tun da aka raba jiha.

Na tara malaman lissafi uku na faɗa musu. Ba wanda ya yi gardama. Suka raba darussansa, kowa ya sa hannu. Washegari na hau mota da takardun.

Daraktan dattijo ne mai tsare doka, mutumin Maiyama. Ya karanta, ya ce, "Ina fayil nai?"

"Ranka ya daɗe, yana Sakkwato."

"To mi kaka so in yi? In sa hannu ga iska?"

Na ce ban san hanya ba, na dai san mutumin ya shekara goma sha ɗaya tare da mu bai taɓa fashin aji ba, kuma wannan ne zaɓen farko da za a bar baƙar fata su yi a ƙasarsu.

Ya cire tabarau. Sannan ya ce, "Zamna." Ya ba ni labarin lokacin da aka tura shi karatu Amurka yana saurayi. Ya shiga wani gidan abinci aka ƙi sayar masa, aka nuna masa ƙofa. Wata tsohuwa baƙar fata da ke shara a wurin ta bi shi waje, ta kai shi gidanta ta ba shi abinci. A nan ta faɗa masa sai da ta haura sittin kafin a bar ta ta yi zaɓe, bayan an sha duka da ɗauri. Ta tambaye shi ko gaskiya ne a ƙasarsu baƙar fata ke mulkin kansu. Da ya ce e, sai ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba.

Ya ce, "Ban iya karya doka. Amma akwai hutun uzuri, wanga ba ya bukatar fayil in makaranta ta tsaya wa mutum. Kun tsaya mai?"

Na tura masa takardar malaman nan uku. Ya duba, ya sa hannu, ya ƙara izinin fita ƙasa a ƙasanta.

Malam Sifo ya dawo ranar da aka ɗiba masa. Ya ce tun asuba suka shiga layi da uwarsa, ba su kai ba sai la'asar, kuma ta ƙi yarda a ba ta kujera. Daga nan ya ɗauki alli ya nufi aji.

Ku da kuke sababbi a aikin nan, dokar aiki tana da ƙofofin da ba a gani sai an saurari mutum. Da daraktan ya kalli takarda kawai, da ya ce a'a, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Ya kalli wanda ke bayan takardar, shi ya sa ya nemo hanya.