Gambar da ke Tsakiyar Gona

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar wata Juma'a, ana tsakiyar gasar ƙwallon duniya. Mu uku ne a ɗakinmu na unguwar Farij Abdul'aziz a birnin Doha: ni, da direban da muke kwana ɗaki ɗaya, da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu mai karatun tonon kayan tarihi. Ni gadi nake yi, ranar kuma hutuna ce. Ɗalibin ya miƙo mini wayarsa yana nuna inda malamansu suka kai su a Kambodiya: tsofaffin gine-ginen jan bulo a cikin kurmi, na mutanen Khmer na farko, saiwar itatuwa ta naɗe su kamar igiya. A hoto na gaba sai ga gunkin dutse tsaye babu kai, ga rami a gefensa.

"Ɓarayi ne suka sare shi, Baba," in ji ɗalibin. "Kan yana can falon wani attajiri a wata ƙasa."

Direba ya yi dariya. "Yalla, maza a kunna mana ƙwallo. Kan dutse ma sai an yi masa zaman makoki?"

Ni ban yi dariya ba. Na san irin ramin nan.

Gonar kakana a kan kufai take, inda wasu mutane suka zauna tun kafin a kafa garinmu. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, sai ka ga tsingaro ya fito fili kamar an watsa. Wani lokacin garma takan tono tukunya, wani lokacin kan mutum na yumɓu, ido a lumshe. Kaka yana da tsarinsa, ba ya saɓawa. Na farko, ba a shiga da shi gida. Na biyu, ba a fasa shi, domin ba namu ba ne kuma ba mu san mai shi ba. Na uku, a mayar da shi ƙasa kafin rana ta faɗi, a zurfafa, a dasa gamba a kai don kada garma ta sake bi ta wurin. Kowa ya san a kan iyaka ake dasa gamba. A gonarmu kuwa har tsakiya akwai ta, tsibi-tsibi.

Wata shekara bayan girbi, baƙi biyu suka zo a kan babur. Suka ce daga makaranta suke, tarihi suke rubutawa. Sun iya gaisuwa, har ƙasa suka durƙusa. Kaka ya ba su ruwa, bai ba su amsa ba. Da suka tafi ya ce wa baffana, "Mai neman tarihi fuskar tsoho yake kallo. Waɗannan ƙasa suke kallo."

Wanda ya gaya musu ma'anar gamba, Allah ne ya sani. Ina da waɗanda nake zargi, amma sun riga mu gidan gaskiya, ba zan ambaci kowa ba. Wata safiya muka je gona muka tarar duk gambar tsakiya an tuge ta, rami ya maye gurbinta. Alamar da Kaka ya sa don kariya, ita ta yi musu jagora.

Kan yumɓu guda ɗaya ne ya tsira, saboda gambarsa ta bushe tun kafin zuwansu. Kaka ya tono shi, ya sauya masa wuri, bai dasa komai a kai ba. Ya sa ni da baffa muka tsaya muka dubi wurin da kyau. "Yanzu ku ne gambar," ya ce.

Baffa ya rasu a shekarar korona, ina kulle a nan Doha, ko jana'iza ban samu ba. Saura ni kaɗai.

Na ba ɗalibin wannan labari a taƙaice, sai ya gyara zama. "Baba, Allah ya ja kwana, amma in ta Allah ta kasance fa? Wani zai zo haƙa rijiya ya fasa shi bai sani ba. Ku faɗa mini wurin, a auna, a adana."

Gaskiya ya faɗa. Gari ya cinye gonaki, an fara yanka filaye dab da kufai. Sai dai waɗancan ma daga makaranta suka ce suke, kuma sun iya gaisuwa. Na lura ɗalibin fuskata yake kallo, amma a ɗakin siminti wace ƙasa zai kalla? Na ce masa khalas, wato ya isa haka, sai na yi tunani.

Tunanin ya ƙi ƙarewa. In na yi shiru, diga za ta sami kan nan. In na yi magana, wataƙila ya kwana a falon wani. Don haka kai mai karatu, in ka san wannan aiki, ko ka san wanda ya san shi, ina roƙonka abu ɗaya: ka gaya mini yadda ake bambance mai tono don adanawa da mai tono don sayarwa, tun bai taɓa ƙasa ba. Ka gaya mini kafin kwangilata ta ƙare, domin ina komawa gida masu awon fili zan tarar a bakin gonar.