Matar da ba ta kallona a fim

Ƙarar taɓarya na ji a shagon laoban, wato ɗan Chanan da nake sarin riguna a wajensa a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou. 'Yarsa ce ke kallon fim a waya, an ba su a jami'a. Na leƙa, sai ga tsakar gidanmu na ƙauye kusa da Maradi, ga innata tana daka, ga ni tsirara ina bin zaninta.

Ka san yadda abin ya faru? Da kaka ne, an gama yankan gero, gari duk ƙamshin tumu. Wani Bature ɗan Beljiyam ya sauka da kyamara. Kakana ya ba shi zaure, kakata ta dama masa fura har cikinsa ya saba. Lokacin ba wanda ya san shi. Da fim ɗinmu ya yi suna, ya ci gaba da yawo ƙasa-ƙasa yana ɗaukar talakawa ana tafa masa.

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta masa wasa a gaban mutane, kunya ce. Kakana ya zaunar da Baturen ya faɗa masa da Faransancinsa na tsohon soja. Baturen ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ashe abin da yake nema ke nan. Duk inda inna ta kau da kai daga gare ni ya ɗauka. Ƙosan da take ƙulle mini a bakin zani ta miƙo ta bayan rumbu kuwa, da idona na ga ya ɗauka, amma ya yanke. Tir da wannan hali.

Da na nuna wa 'yar laoban cewa ni ne yaron, ta dube ni da tausayi, ta nuna inna, ta dafa ƙirji ta ce, "Meyo," wato babu. Haka aka rubuta musu a ƙasan hoton, uwa marar ƙauna. Raina ya ɓaci har na kasa taɓa shayin da aka zuba mini. Mutum ya sha furarmu, ya mai da innata abin ƙyama har a Guangzhou.

Yanzu matan ƙannena suna kiran 'ya'yan farinsu gatsal, har da sumba. Ban ce laifi ba ne. Na fita bakin shago na kira gida. Inna na jin muryata ta miƙa wa ƙanwata wayar, ina jiyo ta daga gefe tana cewa, "Tambayi wancan, yana dai cin abinci a can?"